Sharhi: Ƙuri'ar Kwoi da lissafin kujerar shugaban ƙasa

A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairu, 2023, Peter Obi na jam'iyyar LP ne ya zo kan gaba a ƙaramar hukumar Jaba, wadda hedikwatarta ke Kwoi, haka kuma a Jema'a da Kaura. Amma da aka tattara sakamakon jihar Kaduna baki ɗaya, Atiku Abubakar na PDP ne ya yi rinjaye da ƙuri'u 554,360, Bola Tinubu na APC ya bi masa da 399,293, Obi ya samu 294,494. Obi bai kai kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un jihar ba, saboda haka Kaduna ba ta shiga jerin jihohin da aka lissafa masa ba. Duk da haka, ƙuri'ar manomin citta na Kwoi ba ta faɗi ƙasa ba, domin ta shiga cikin ƙuri'u 6,101,533 da Obi ya tara a faɗin ƙasar.

Da a ce tsarin Amurka ake bi, da labarin ya sha bamban. A can, jama'a ba sa zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Kowace jiha tana da wakilan zaɓe daidai da yawan 'yan majalisar wakilanta haɗe da sanatocinta biyu, birnin Washington kuma yana da uku. Jimillarsu 538, wanda ya samu 270 shi ne shugaba. In ban da Maine da Nebraska, duk wanda ya zo na ɗaya a jiha, ko da tazarar ƙuri'a guda ce, shi ke kwashe wakilanta gaba ɗaya. A irin wannan lissafi, Atiku ne zai tafi da Kaduna dungurungum, ƙuri'un Kwoi da Kafanchan da Kagoro kuwa su ɓace a mataki na jiha.

Amurkawa sun ɗanɗana kuɗar wannan tsari. A shekarar 2000, Al Gore ya fi George W. Bush da ƙuri'u sama da rabin miliyan a faɗin ƙasar, amma Bush ya ci jihar Florida da tazarar 537 kacal, ya tashi da wakilai 271, Gore 266. Sai da Kotun Ƙolin Amurka ta dakatar da sake ƙidaya a ranar 12 ga Disamba kafin ƙura ta lafa. A 2016 ma Hillary Clinton ta fi Donald Trump da ƙuri'u kusan miliyan uku, amma Trump ne ya shiga fadar White House.

Najeriya ta ɗauki wata hanya dabam. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 ya gindaya sharuɗɗa biyu idan 'yan takara sun haura biyu: mutum ya fi kowa yawan ƙuri'u, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kowace daga cikin kashi biyu bisa uku na jihohin tarayya da kuma Abuja. Idan babu wanda ya cika su, sai a je zagaye na biyu. Hikimar a bayyane take. Ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa a 1970 ba ta so wani ya hau mulki da goyon bayan yankinsa kaɗai. Tsarin ya tilasta wa ɗan takara neman rubu'in ƙuri'u har a jihar da ya san ba zai ci ba, wanda hakan ya ba ƙananan al'ummomi irin su Ham da Bajju da Atyap daraja a idon masu neman mulki. Wannan jarida tana ganin cewa a nan Najeriya ta fi Amurka dacewa, kuma babu dalilin yin sha'awar tsarin wakilan zaɓe.

Sai dai kyan manufa bai rufe raunin rubutu ba. Sau biyu kalmomin wannan ƙa'ida suna kai ƙasar gaban alƙalai.

Na farko a 1979 ne. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya samu ƙuri'u kusan miliyan 5.7, Cif Obafemi Awolowo na UPN kusan miliyan 4.9. Jihohi 19 ne a lokacin, kashi biyu bisa ukunsu kuwa 12 ne da biyu bisa uku. Shagari ya samu rubu'i a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano ya yi kaka-gida, ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. Awolowo ya ce ba a gutsura jiha, dole sai 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce rubu'in biyu bisa uku na ƙuri'un Kano ake nema, wato ɗaya bisa shida, kuma Shagari ya wuce haka. Kotun Ƙoli ta amince da nasarar Shagari a ranar 26 ga Satumba, Mai Shari'a Kayode Eso kuwa ya saɓa wa 'yan uwansa. Abin da mutane da dama suka manta shi ne, da hukuncin ya juya, 'yan majalisun tarayya da na jihohi ne za su zauna a matsayin wakilan zaɓe su fitar da shugaba.

Na biyu a 2023. Tinubu ya samu ƙuri'u 8,794,726, Atiku 6,984,520, ya kuma samu rubu'i a jihohi fiye da 24. Amma a Abuja bai kai ba. Masu ƙara suka ce kalmar "da" a cikin sashen tana nufin Abuja sharaɗi ce mai zaman kanta. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe a ranar 6 ga Satumba, sannan Kotun Ƙoli a ranar 26 ga Oktoba, suka ce ba haka ba ne: Abuja tamkar jiha take a wannan lissafi, ƙuri'ar mazaunin Maitama ba ta fi ta mazaunin Kwoi nauyi ba. Hukuncin ya yi daidai da hankali.

Amma ya bar baya da ƙura. Idan Abuja ce ta 37, to kashi biyu bisa uku na 37 shi ne 24 da biyu bisa uku. Gutsuren da ya girgiza ƙasar a 1979 ke nan ya dawo. A 2023 bai yi tasiri ba, domin wanda ya ci ya zarce iyakar da nisa. Ranar da ɗan takara ya tsaya a jihohi 24 cif-cif, za a sake komawa kotu da allon lissafi. Zaɓe mai 'yar tazara kuma ba baƙon abu ba ne. A jihar Kaduna, a watan Maris na 2023, Uba Sani ya ci kujerar gwamna da tazarar da ba ta kai ƙuri'u 11,000 ba a kan Isa Ashiru, cikin ƙuri'u sama da miliyan ɗaya da rabi.

Akwai kuma batun lokaci. A 1979 an yanke hukunci kwana biyar kafin rantsar da Shagari. Amurka ta kammala rikicin 2000 makonni biyar kafin ranar 20 ga Janairu. A 2023 kuwa an rantsar da shugaba ranar 29 ga Mayu, ya naɗa ministoci, ya sauya manyan manufofin tattalin arziki, hukuncin ƙarshe bai zo ba sai bayan kusan wata biyar. Ma'aikatan gwamnatin tarayya sun san yadda aiki ke tafiyar hawainiya a irin wannan zaman jira. Alƙalin da aka ce ya duba cancantar wanda ya riga ya zauna a Aso Rock an ɗora masa nauyin da bai kamata ba.

Gyara biyu ake buƙata daga Majalisar Dokoki ta Ƙasa. A sake rubuta sashe na 134 ya faɗi ƙarara cewa Abuja tana cikin ƙidayar, kuma duk gutsuren da lissafi ya bari a cika shi zuwa jiha guda, ta yadda ko an ƙirƙiri sababbin jihohi ƙa'idar za ta tsaya. Sannan a tsara jadawalin zaɓe da na shari'a ta yadda za a gama duk ƙara kafin rantsuwa. Gyaran kundin yana buƙatar amincewar majalisun jihohi 24, aikin da ba a gama shi cikin mako guda.

Hadiman 'yan majalisa da lauyoyin ma'aikatu su ne ke rubuta daftarin farko na irin waɗannan dokoki, kuma yanzu ne ya dace su yi, tun ba a san wanda gyaran zai amfana ba. Da zarar an fara ƙidayar ƙuri'u, kowace kalma za ta zama ta wani ɓangare. Ba a fafe gora ranar tafiya.