Ocaliva: Yadda maganin hanta da aka ƙera daga ruwan maɗaciya ya shekara tara a kasuwa ba tare da an tabbatar da amfaninsa ba

A watan Satumba na 2025 kamfanin Intercept ya sanar da janye maganinsa mai suna Ocaliva daga kasuwar Amurka, bisa buƙatar hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA. Tarayyar Turai ta riga ta soke lasisinsa tun 2024. Labarin bai ja hankali a wajen da'irar likitocin hanta ba, alhali yana ɗauke da tambayar da ta shafi duk mai shan magani: da wace irin hujja hukuma ke ba da izinin a sayar wa marar lafiya ƙwaya?

Asalin maganin bincike ne mai tushe. Hanta tana sarrafa ruwan maɗaciya, wanda ke zuba cikin hanji domin narkar da kitse. Ƙarfin wannan ruwa yana cikin wasu sinadaran asid da hantar ke ƙerawa daga kolestarol, kuma jiki ba ya wasa da su: kusan kashi 95 cikin 100 ana tsotse su a ƙarshen ƙaramin hanji a mayar wa hanta. Ɗan abin da ya tsallake zuwa babban hanji ne ke faɗawa hannun bakteriyar da ke zaune a can, su kuma su sauya masa kama, wani ɓangarensa ya sake komawa hanta a sabuwar siffa. Abin da ke wanke hantar mutum kullum, ashe, aikin haɗin gwiwa ne tsakaninta da halittun da ido ba ya gani.

Wannan sauyin kama ba koyaushe yake zama alheri ba. A 2013 Eiji Hara da abokan aikinsa a Tokyo sun wallafa a mujallar Nature cewa ƙiba tana sauya bakteriyar hanjin ɓeraye ta yadda suke ƙara samar da wani nau'in asid ɗin, wanda ke share fagen sankarar hanta. Da aka kashe waɗannan bakteriya da magani, sankarar ta ragu. A ɓeraye ne fa aka gani, abin da masu tallar kayan ƙarin lafiya kan tsallake idan suna ambaton irin wannan bincike.

Kafin nan, a 1999, masana sun gano cewa waɗannan sinadarai suna isar da saƙo ma. Akwai wani makunni a cikin ƙwayoyin hanta da na hanji, ana kiransa FXR, wanda idan suka taɓa shi yakan umarci hanta ta rage samar da su. Roberto Pellicciari, masanin haɗa magunguna a Jami'ar Perugia da ke Italiya, ya ɗauki ɗaya daga cikin asid ɗin da jikin mutum ke yi, ya yi masa ɗan ƙari, sai ƙarfinsa na taɓa makunnin ya ninka kusan sau 100. An wallafa aikin a 2002, shekarar da aka kafa Intercept a kansa.

Cutar da aka fara nufa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da PBC, ba ta da yawa, kuma mata masu matsakaicin shekaru ta fi kamawa. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata ƙananan magudanan ruwan maɗaciya a cikin hanta, ruwan ya taru, hantar ta riƙa ƙandarewa a hankali. Tsohon maganinta, wanda shi ma asid ne na maɗaciya da aka fara ganowa a jikin dabbar biya, ba ya wadatar da wajen kashi 40 cikin 100 na masu cutar. Buƙatar gaske ce, babu mai musu.

A watan Mayu na 2016 FDA ta ba Ocaliva izini ta hanyar gaggawa. A wannan tsari ba sai kamfani ya nuna cewa masu shan maganin sun fi daɗewa a duniya ko sun kauce wa dashen hanta ba. Ya isa ya nuna cewa wani ma'auni a gwajin jini ya sauka, a nan wani sinadari mai suna ALP, da alkawarin kawo cikakkiyar hujja daga baya. Farashinsa ya kai kusan dala 70,000 a shekara.

Daga nan gargaɗi ya fara biyo gargaɗi. A 2017 hukumar ta ba da rahoton mutuwar mutum 19 cikin masu shansa, ta kuma danganta matsalar da ba masu raunin hanta adadin da ya wuce ƙima. A 2018 aka liƙa masa gargaɗi mafi tsanani da ake sa wa magani a Amurka, a 2021 kuma aka hana ba waɗanda hantarsu ta yi nisa a ƙandarewa. Babban burin kamfanin, wato sayar da shi ga miliyoyin masu kitse a hanta, FDA ta ƙi shi sau biyu, a 2020 da 2023.

Gizo dai yana saƙar ne a gwajin tabbatarwar da aka yi alkawari. An raba marasa lafiya gida biyu, wasu suna shan maganin, wasu suna shan ƙwayar da babu komai a cikinta. To amma maganin yana kanti. Wanda ya ga gwajin jininsa bai gyaru ba yana iya ficewa ya je likitansa ya rubuta masa na kasuwa, kuma da dama sun yi hakan. Sakamakon da ya fito bai nuna bambanci tsakanin rukunonin biyu ba. Kamfanin ya ce ficewar ce ta ɓata lissafin, ya kawo bayanan asibitoci da yake ganin suna goyon bayansa. Masu bita a hukumar suka ce bayanan ba su kai hujja ba. A Satumban 2024 kwamitin ƙwararru ya kaɗa ƙuri'a 13 da 1 cewa ba a tabbatar da amfanin maganin ba. A ganina uzurin kamfanin yana da ƙamshin gaskiya, kuma shi ne mafi munin tuhuma ga tsarin: izinin gaggawar da kansa ne ya rusa gwajin da zai nuna ko ya dace a ba da shi. Akwai majinyata da likitocin da suka yi imani maganin ya taimaka musu, yanzu an raba su da shi ba tare da amsa ba.

Batun ya iso ƙofar gidanmu ta fuska biyu. Hukumomin magani na ƙasashe masu ƙarancin kayan gwaji sukan jingina da hukuncin FDA da takwararta ta Turai, don haka raunin can yana iya zama raunin nan. Sannan kalmomin wannan fanni, gyaran bakteriyar hanji da wankin hanta, sun cika bakin 'yan talla a Facebook da TikTok, a ƙasar da binciken gwamnati na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wannan cuta tana da rigakafi, tana da gwaji, tana da maganin da ke danne ta, kuma babu jiƙon da ke wanke ta. Lambar da NAFDAC ke ba maganin gargajiya a matakin farko shaida ce cewa ba a ga guba a cikinsa ba. Ingancin warkarwar da aka rubuta a kwalbar ba ya cikin abin da aka auna.

Su kuwa masu PBC a Amurka an mayar da da yawansu kan sababbin magunguna biyu, Iqirvo da Livdelzi, waɗanda ke aiki ta wata hanya daban da ta Ocaliva. FDA ta amince da su a watannin Yuni da Agusta na 2024, ta hanyar gaggawa, bisa saukar ALP a gwajin jini, da alkawarin kawo cikakkiyar hujja daga baya.