Wa Ya Bar Shi a Ruwa? Yadda Muke Yanke wa Fina-finan Kifin Shak Hukunci

Akwai wani shagon cajin waya da tura fina-finai kusa da Ƙofar Galadima a birnin Zariya inda nakan tsaya da yamma in zan wuce gida. Kwanan baya na tarar da matasa sun kewaye talabijin ɗin mai shagon suna kallon The Shallows, fim ɗin 2016 da Blake Lively ta fito a matsayin wata ɗalibar likitanci da kifin shak ya sara a cinya, ta maƙale a kan wani ɗan dutse a cikin teku, tana hango gaɓa amma ba halin isa. Na fi mai da hankali ga bakin masu kallon fiye da fim ɗin kansa, domin kalmomi biyu suka riƙa maimaitawa har aka gama. Wani ya ce, "Ƙarya ne!" Wani ya ce, "Da ni ne..."

Tsakanin Zariya da teku mafi kusa akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita, sai an dangana da Legas ko Fatakwal. Ruwanmu bai wuce Kubanni da Galma da madatsun da ke kansu ba. Duk da haka muna kallon waɗannan fina-finai, muna yanke musu hukunci da cikakken ƙarfin gwiwa. Ra'ayina shi ne ma'aunan nan biyu da muke amfani da su suna ɓatar da mu daga tambayar da ta fi muhimmanci, wadda kuma ta shafi rayuwarmu kai tsaye: wane ne ya bar wannan mutum a cikin ruwa?

Bari mu fara da masu cewa ƙarya ne, domin suna da gaskiyarsu. Kifin shak na fim yana da ƙullaci da naci, yana zaɓar mutum ɗaya ya bi shi kamar mai bin bashi. Na zahiri ba haka yake ba. Gidan adana tarihin halittu na Florida a Amurka yana riƙe da kundin da ake rubuta hare-haren kifin shak na duk duniya, kuma a 2023 ya lissafa cizo 69 da kifin ya kai ba tare da an tsokane shi ba, mutum 10 suka mutu. Wannan ma shekara ce da mace-macen suka zarce yadda aka saba. A ɗaya ɓangaren, wani bincike da Boris Worm na Jami'ar Dalhousie ta Kanada ya jagoranta a 2013 ya ƙiyasta cewa mutane suna kashe kifin shak kimanin miliyan 100 a kowace shekara. In ana maganar wanda ya kamata ya ji tsoron wani, lissafin a fili yake. Peter Benchley, wanda ya rubuta littafin Jaws a 1974, ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar kare waɗannan kifaye, shi kuma Steven Spielberg, wanda ya mai da littafin fim a 1975, ya faɗa wa BBC a 2022 cewa yana nadamar ɓarnar da aka yi musu sanadiyyar aikin.

Sai dai wannan gaskiya ba ta isa ta zama ma'aunin fim ba. Mu da muka tashi da tatsuniya mun san Dodo ba ya wanzuwa, amma ba wanda ya taɓa katse kakarsa ya ce Dodo ƙarya ne. Abin da yaro ba ya yafewa shi ne a ce Dodon da aka ce ba ya iya haye kogi ya haye shi a ƙarshe ba tare da dalili ba. Haka fim yake. Alkawarinsa shi ne ya kafa dokokinsa a farko, ya kuma tsaya a kansu. The Shallows ya yi haka a mafi yawan tsawonsa: an nuna mana mushen wani babban kifi da ya sa shak ɗin ya kafa sansani a wurin, an nuna mana cewa teku yana janyewa yana cikowa kuma in ya ciko dutsen zai nutse, an nuna mana cewa jarumar ta san aikin likita, saboda haka da ta ɗinke rauninta da 'yan kunne da sarƙar wuyanta ba mu yi gardama ba. Lokaci ne ainihin abokin gabarta. Inda fim ɗin ya yi rauni shi ne ƙarshensa, lokacin da kifin ya daina zama dabba mai neman abinci ya koma bos irin na fim ɗin faɗa. A nan mai cewa ƙarya ne ya yi daidai, kuma dalilinsa shi ne fim ɗin ya saɓa wa kansa.

Jaws ya koyar da wani darasin. Kifin roba mai inji da aka ƙera domin fim ɗin ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri na tsibirin Martha's Vineyard, dole ta sa Spielberg ya ɓoye shi. Sai an ci fiye da sa'a guda kafin a ga kifin sosai. Abin da ake gani shi ne ƙafafun masu ninkaya daga ƙasa, da ganguna masu ruwan ɗorawa da ke gudu a saman ruwa, abin da ake ji kuma shi ne kiɗan John Williams mai sauti biyu da ke ƙara sauri. Fim ɗin ya ci kyaututtukan Oscar uku, na kiɗa da na sauti da na tace hoto. Mukan ce gani ya kori ji, amma a wannan fanni rashin gani ne ke riƙe mai kallo. Shi ya sa The Meg na 2018, mai kifin da ya fi motar tirela girma, da Sharknado na 2013, mai guguwar da ke ruwan kifaye a kan gari, suke ba da dariya da nishaɗi, ba sa hana kowa barci. Ba laifi ba ne a ji daɗinsu, domin su ma ba su yi alkawarin wani abu da ya wuce haka ba.

Ma'auni na biyu, wato "da ni ne", shi ya fi damuna. Da ni ne da tuni na yi ninkaya na fita. Da ni ne ba zan shiga wannan kejin ba. Mai faɗar haka yana zaune a kan benci, ƙafarsa a kan busasshiyar ƙasa, cikinsa a ƙoshe, kuma ya ga abin da jarumin bai gani ba, domin kyamara ta nuna masa kifin tun daga nesa. In ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Wanda jini ke zuba daga jikinsa, sanyi ya kama shi, ƙishirwa ta dame shi, ba ya tunani irin na mai shan shayi. Fim ɗin 47 Meters Down na 2017 ya gina labarinsa a kan wannan: 'yan'uwa mata biyu sun faɗa ƙasan teku a cikin keji, iskar shaƙarsu tana ƙarewa, in suka taso da sauri iskar da ta narke a jininsu za ta yi kumfa ta illata su, in suka daɗe a zurfin kuma hankalinsu zai gushe kamar na mashayi. Duk hanyar da mai kallo ya ce da shi ne zai bi, fim ɗin ya riga ya toshe ta. Amma a lura da abin da ya kai su can: keji mai tsatsa, da injin jan igiyar da ya karye, a jirgin da masu shi suka karɓi kuɗi suka ce komai lafiya.

Wannan ne ya kawo mu ga tambayar da na fara da ita. A cikin fina-finan da suka fi inganci a wannan fanni, kifin ya zo ne daga baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Jaws, shugaban 'yan sandan tsibirin ya so ya rufe bakin teku tun bayan mutuwar farko, magajin gari ya hana, saboda hutun 4 ga Yuli ya ƙarato kuma tattalin arzikin garin ya dogara ga baƙi masu zuwa wanka. Sakamakon haka wani yaro ya mutu a gaban jama'a, mahaifiyarsa ta zo cikin baƙin kaya ta mari shugaban 'yan sandan a bainar jama'a, domin ya sani kuma ya bar mutane suka shiga ruwa. A ganina marin nan ya fi duk wani haƙori da aka nuna a fim ɗin nauyi. Open Water na 2003 ya fi haka tsanani. An ɗauko shi daga abin da ya faru ga wasu ma'aurata Amurkawa, Tom da Eileen Lonergan, waɗanda jirgin masu nutso ya tafi ya bari a tekun Ostireliya a watan Janairun 1998. Sai bayan kwana biyu aka farga ba su dawo ba, kuma ba a taɓa samun gawarsu ba. A fim ɗin, abin da ya halaka ma'auratan shi ne wani ma'aikaci ya yi kuskure wajen ƙidaya fasinja. Masu kallo da yawa suna cewa fim ɗin ba shi da armashi, mutum biyu ne kawai ke yawo a ruwa suna gardama. Ni kuwa ina ganin shi ne ya fi kowanne kama da rayuwarmu.

A ranar 30 ga Nuwamban 2021, kwale-kwale ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. A watan Mayun shekarar, wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 ya dare a kogin Neja kusa da Warra a Jihar Kebbi. A watan Yunin 2023, mutane fiye da 100 da ke dawowa daga ɗaurin aure da daddare suka nutse a yankin Patigi na Jihar Kwara. Babu kifi ko ɗaya a cikin waɗannan labarai. Akwai lodin da ya wuce kima, da tsofaffin jirage, da tafiyar dare, da rashin rigar da ke hana nutsewa, duk da cewa hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, ta haramta tafiyar dare ta kuma wajabta sanya rigar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba in aka auna da yawan jama'a. A ajiye wannan adadi kusa da mutum 10 na kifin shak.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne kalmomin da na ji a shagon caji su ne nake ji bayan kowane hatsari. Da ni ne ba zan shiga jirgin da ya cika ba. Mai faɗar haka bai taɓa tsayawa a bakin kogi da magariba ba, da kaya a ka da yaro a baya, ga jirgi ɗaya tak, babu gada, hanyar mota kuma zagaye ce mai nisa, wani wurin ma ba ta da tsaro. Matar da ta shiga wannan jirgi ba ta fi jarumar da ke kan dutse zaɓi ba. In muka ɗora laifin a kanta, mun sallami mai jirgin da ya ƙara mutum talatin domin kuɗin mai, da jami'in da ya kau da kai, da hukumar da ta yi alkawarin gada ta manta. Daga nan sai mu rufe maganar da cewa ƙaddara ce. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma addinin da ya koya mana shi ya kuma koya mana a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali, kuma bai taɓa wanke mai sakaci da amanar rayukan mutane ba.

Wani zai ce na ɗora wa nishaɗi kaya mai nauyi, mutane sun zo hutawa ne bayan wahalar yini. Na yarda, kuma ba na kiran kowa ya daina ihu in kifi ya yi tsalle. Amma kallo makaranta ce ko an so ko ba a so. Matashin da ya kalli irin waɗannan fina-finai ashirin yana zagin wanda ke cikin ruwa ya yi atisayen zargin wanda aka zalunta sau ashirin. Wanda ya saba tambayar wa ya ƙidaya fasinja, wa ya duba igiyar keji, wa ya ce a buɗe bakin teku, ya koyi tambayar da ɗan ƙasa ke yi wa hukuma.

Ga masu shirya fina-finanmu na Kannywood kuma akwai abin ɗauka. Fim irin wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Open Water da ƙaramar kyamara da jarumai biyu aka yi shi. Muna da kogin Neja da na Binuwai da tafkin Kainji, muna da kada da dorina, muna da Sarkawa masu sanin ruwa da hikayoyinsu. Tarihinmu ma da irin wannan labari ya buɗe: macijiya a rijiyar Kusugu ta Daura da ta hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo ya zo ya kashe ta. Ina fatan ganin ranar da za a yi fim a kan kwale-kwale ɗaya, da dare ɗaya, da fasinjojin da suka ga ruwa ya fara shigowa ta tsakanin katako, a kuma nuna mana fuskar wanda ya tsaya a mashiga yana karɓar kuɗi yana cewa a ƙara matsawa.

Da aka gama fim ɗin a shagon, na tambayi matashin da ya fi kowa cewa "da ni ne" ko ya iya ruwa. Ya yi dariya ya ce shi ko Kubanni bai taɓa shiga ba, mahaifiyarsa ta hana shi tun yana yaro. Na ce masa ta yi daidai da ta ji masa tsoro, amma da an koya masa ninkaya a wuri mai tsaro da ya fi. Ya ce a ina za a koya masa? Ban sami amsar da zan ba shi ba, mai shago kuma ya riga ya sa wani fim.