Maganar Keken Gurgu A Tasha

Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, yau maganar mota muka kawo, farashin masara ya dakata tukuna.

Duk mai bin hanyar Rogo zuwa Karaye, har ya dangana da Dawanau, ya san yadda ake lodi: buhu tukuna, mutum daga baya. Mai ƙafa ya dafa ƙarfe ya haye kan buhuna. Gurgu fa? Sai an ɗaga shi, in an sami mai ɗagawa. Kekensa kuwa, irin wanda ake tuƙawa da hannu, wasu 'yan kamasho kaya suke ɗaukarsa, su yanka masa kuɗi kamar buhun dawa. Makaho shi ma kuɗin mutum biyu yake biya, nasa da na ɗan jagora. Da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya hau wa kowa, amma su biyu-biyu ya hau musu.

Kada a ce ai bara suke zuwa. Akwai manoma a cikinsu, akwai teloli da masu gyaran takalma. Wanda ya kasa kai hatsinsa kasuwa a ƙofar gida zai sayar, yadda mai saye ya ga dama. Mu kuwa mun san tazarar kuɗin tiya tsakanin ƙauye da kasuwa.

Doka akwai ta. Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana wariya ga naƙasassu a Janairun 2019, aka ba da wa'adin shekara 5 na gyara, ya cika a 2024. To amma a-kori-kura ba ta karanta doka.

Abin da ke hannunmu shi ne lodi, don mu ke ba direbobi. Shugabannin kasuwa su zauna da na tasha, tun da Karaye da Rogo masarautarsu ɗaya, a tsayar da magana: gidan gaba na naƙasasshe ne in ya zo, kekensa a ɗaure bisa kaya ba ko kwabo, ɗan jagora rabin kuɗi.

Direba zai ce mai ya yi tsada. Gaskiyarsa. Amma keken nan bai kai nauyin buhu guda ba, kuma mai ba shi lodin buhu 40 ya isa ya roƙi wannan alfarma. Wanda ya ƙi, kasuwa mai zuwa kayanmu su hau motar wani.

Haza wassalam.