Macijin Kusugu da Fim Ɗin "Ƙasarmu Ce"

Duk ɗalibin da ya zauna ajin tarihin Hausawa ya san labarin rijiyar Kusugu ta birnin Daura, inda maciji ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya sare kansa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, rijiyar ta mutanen gari ce, amma ikonta yana hannun wani. Wannan tsohuwar matsala ce Saddik Balewa, ɗan marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ɗauko a fim ɗinsa na Hausa mai suna "Ƙasarmu Ce", wanda ya fito a shekarar 1991.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Wani attajiri ne ya gano akwai duwatsu masu daraja a ƙarƙashin gonakin wani ƙauye, sai ya ɓoye zancen, ya shiga neman saye ƙasar. Ana cikin haka aka kashe kakan wani saurayi mai suna Sani, shi kuwa ya tashi neman hakkin jinin.

To, a nan fim ɗin ya sha bamban da labarin Kusugu, kuma a nan darajarsa take. Macijin Daura kowa ya san raminsa, kowa ya san ranarsa. Macijin wannan fim kuwa da babbar riga yake zuwa, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, ya ƙirga kuɗi a gaban shaidu. Makaminsa shi ne ya san abin da manomi bai sani ba game da gonar da manomin ya gada. Haka kuma ba wani baƙo da ya zo bisa doki daga gabas don ya ceci gari. Ɗan ƙauyen ne ya miƙe, ba sarauta, ba dukiya.

Wanda ke ganin ƙage ne kawai, sai ya tuna da Bakolori. A watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya ci, shekara biyu kacal bayan dokar 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnoni. A 2010 kuma gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Watau arzikin ƙarƙashin ƙasa bai cika zame wa mai gona alheri ba.

Mai neman rawa da waƙa irin na finafinan bidiyo na soyayya zai ga fim ɗin da nauyi, wannan gaskiya ne. Amma fa sashen da ke koyar da "Shaihu Umar" na uban bai kamata ya yi sakaci da aikin ɗan ba. Ya dace Ƙungiyar Hausa ta nemo shi ta nuna a zauren taro, a gayyato malaman tarihi da na shari'a su zauna tare da ɗalibai bayan an kunna fitila.