Kuntigin Ɗan Maraya Da Sojan Da Ke Gadin Iyakar Gwarzo

Duk wanda ya bi hanyar Kano, ya ratsa Kabo ya wuce Gwarzo ya nufi Dayi, ya san ƙasar nan ta jingina da Katsina kamar katanga ɗaya tsakanin gida biyu. Tun da 'yan bindiga suka tsananta tsallakowa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen shekarar 2025, mutanen Gwarzo da Kabo suka shiga barci da ido ɗaya, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Waɗanda ke tsaye tsakaninsu da wannan masifa samari ne masu kaki, suna kwana cikin raɓa da hunturu a bayan buhunan yashi, nesa da iyayensu da matansu. Ra'ayina shi ne mawaƙanmu da 'yan wasanmu na da hakkin waɗannan samari a wuyansu, kuma lokacin sauke shi ya yi.

Wannan aiki gadonmu ne. Sarakunan ƙasar Hausa ba sa fita daga sai da makaɗa, ana buga tambari, ana yi wa barde kirari har tsigar jikinsa ta tashi ya manta da tsoro. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, gadon ya sake tashi. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa soja waƙa da kalangunsa, gidajen rediyo suka kai ta lungu da saƙo. Adamu Ɗan Maraya Jos, yana matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojojin tarayya, alhali duk kayan kiɗansa bai wuce kuntigi ba: ɗan gwangwani da aka rufe da fata, aka ɗaura masa tsirkiya guda, abin da za a iya sawa a aljihun riga. Da wannan ɗan abu ya sa kurtun da ke can cikin dajin kudu ya ji cewa mutanen gida na ambatonsa. Wasu ƙasashe ma sun san darajar hakan. Amurka ta kafa ƙungiyar USO a 1941 don kai masu nishaɗantarwa wurin sojojinta, mawaƙiyar Ingila Vera Lynn kuwa ta je har Bama a 1944, ƙasar da kakanninmu Hausawa suka yi yaƙi a cikinta a rundunonin Afirka ta Yamma na 81 da na 82.

A yau fa? Kano ce cibiyar Kannywood, da ɗakunan ɗaukar waƙa barjat, amma mafi yawan basirar ta tafi ga yabon 'yan siyasa da waƙar biki. Rundunonin da ke fagen fama sunayen Hausa suke amsawa, Haɗin Kai a arewa maso gabas, Fansan Yamma a arewa maso yamma, sai dai da wuya ka ji waƙar da ta shahara a kan kurtun da ke cikinsu. Abin takaicin shi ne an samu waƙoƙin kambama shugabannin 'yan bindiga suna yawo daga waya zuwa waya. Al'ummar da ta san tasirin Gambo mai waƙar ɓarayi ta san waƙa na iya yi wa mugun aiki kwalliya. Idan yaron Getso ko Garo ya tashi yana jin ana kiran ɗan ta'adda gwarzo, bai taɓa jin an kira mai tsaron garinsu da wannan suna ba, to mun bar wa maƙiyi filin da ya fi kowane fili saurin cin zuciyar matasa.

Wani zai ce soja alawus yake bukata da kayan aiki da magani, waƙa kuwa ba ta cika ciki. Gaskiya ne, kuma wannan nauyin gwamnati ne da ba mai ɗauke mata. Amma mawaƙi na da abin da ya fi garaya: yana da jama'a. Wanda zai iya cika fili da dubban mutane saboda ɗan takara zai iya cika shi ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a tara kuɗin makarantar marayun sojoji. Zai iya zuwa asibiti ya zauna gefen gadon wanda ya rasa ƙafa, ya tambaye shi sunan garinsu. Zai iya ɗaga murya saboda matar da ta gama takaba tana yawon ofis-ofis da takardu a cikin leda, goye da jariri, tana neman hakkin mijinta. Murya irin wannan kan isa kunnen da takardar koke ba ta isa.

Akwai kuma ƙorafin da ya fi wannan nauyi: yabon soja zai iya zama lulluɓe laifinsa. Ba wanda ya manta Tudun Biri a jihar Kaduna, inda jirgin soja marar matuƙi ya hallaka masu taron Mauludi a Disambar 2023, kuma akwai masu kokawa da cin zarafi a shingayen bincike. Amsar ita ce mawaƙin Hausa na gaskiya bai taɓa zama mai yabo kaɗai ba. Wanda ya iya kirari ya iya zambo da habaici. Wanda ya tsaya wa kurtu ranar wuya shi ke da bakin gaya wa manyansa gaskiya ranar da aka yi ɓarna, a kuma saurare shi. Sharaɗin kawai shi ne kada waƙar ta koma fadanci ga masu tauraro a kafaɗa, kuma kada ta zama zagin wata ƙabila. Rikicin 'yan bindigan nan ya riga ya raba Bahaushe da Bafulatani a wurare da yawa, mawaƙin da ya ƙara masa fetur ya cuci sojan da yake cewa yana so.

Ba sai an jira Abuja ba. Shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, da hakimai, da ƙungiyoyin mawaƙa, za su iya tuntuɓar Birged ta 3 da ke barikin Bukavu a tsara ziyara cikin tsaro, a haɗa da 'yan sanda da 'yan sintirin ƙauye, waɗanda su ma suke binne nasu. Ɗan Maraya ya rasu a 2015, ya bar misalin abin da gwangwani da tsirkiya ɗaya suka iya. Waɗanda Allah ya ba su miliyoyin masu sauraro ba su da uzurin barin yaron da ke gadin barcin iyayensu ya ɗauka an manta da shi.