Takardar da Kawu Ya Dangwala wa Yatsa

Bara da kaka wani kawuna, manomin doya a Arikya ta Jihar Nasarawa, ya faɗi da babur yana dawowa daga gona, ƙashin ƙaurinsa ya karye. Babu wanda ya kawo zancen kiran motar ɗaukar marasa lafiya, don mu a wajenmu an fi ganin irinta a bayan ayarin manya. Motar kasuwa muka ɗauka shata, aka shimfiɗa masa tabarma a baya, muka nufi birni. Aka ɗauki hoton ƙafar, likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe. Da aka faɗi kuɗin, Kawu ya yi shiru yana lissafi da yatsu. Ko doyar shekarar da riɗin duka ya kai kasuwa, ba za su haɗa kuɗin ba. Ya ce a mai da shi gida wurin mai ɗori.

Can sai ga wata ma'aikaciyar jinya da takarda da ɗan akwatin tawada.

"Baba, tunda ba za ku tsaya ba, sai ku sa mana hannu a nan."

"'Yata, ai ni ban yi boko ba."

"Ba komai Baba, ku kawo babban yatsa."

Ina tsaye a wurin, kuma na iya karatun, amma hankalina yana kan direban da ke ta danna mana hon a waje. Sai da Kawu ya dangwala na leƙa. Da Turanci aka rubuta cewa an yi masa bayanin haɗarin da ke cikin tafiyarsa, ya fahimta, kuma da son ransa ya ƙi magani. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da ya faru. Na ja bakina na yi shiru, har yau abin yana cina.

Takardar ita kanta ba ta da aibu. A Ingila da Amurka, idan ma'aikatan motar agaji suka je gida mutum ya ce ba zai bi su asibiti ba, sukan tabbatar yana cikin hayyacinsa, su faɗa masa abin da ka iya biyo baya, sannan ya sa hannu. A nan Najeriya ma baligi mai hankali yana da ikon cewa a'a. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2001, a shari'ar Dakta John Okonkwo, likitan da ya mutunta ƙin ƙarin jini da wata majinyaciya mabiyar Shaidun Jehobah ta yi har ta rasu. Sai dai ikon bai kai kan yara ba: a 2019 kotun ta ce ceton ran yaro yana gaba da ƙin da iyayensa suka yi. Su ma ma'aikata suna da hujjar neman kariya. Wanda ya taɓa ganin yadda dangi ke yi wa nas ca idan majinyaci ya cika, ba zai ga laifinta don ta nemi shaida a rubuce ba.

Abin da nake ƙi shi ne a mai da rashin kuɗi ya zama "son rai". Matar can ta shari'ar 2001 ta ƙi jini ne don aƙidarta, ko kyauta aka ba ta ba ta so. Kawu kuwa da wani ya ce ya ɗauki nauyin aikin, da gudu zai koma gado, in da ƙafar gudun. Haɗa su a takarda iri ɗaya ƙarya ce, kuma ƙaryar tana yi wa hukuma daɗi, don a kundi za a ga mutanen karkara ne ba sa son asibiti, sun fi yarda da mai ɗori. Daga nan sai a shirya gangamin wayar da kai, a raba riguna da huluna, alhali kan Kawu a waye yake, aljihunsa ne babu komai.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, ba ta bar wannan a duhu ba. Sashe na 23 ya ce a sanar da majinyaci ikonsa na ƙin magani da abin da ƙin zai jawo masa, cikin harshen da yake ji, tare da lura da iya karatunsa. Sashe na 20 ya hana a juya wa mai bukatar taimakon gaggawa baya bisa kowane dalili, wanda ya saɓa kuma tarar naira dubu 100 ce ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa. Da wannan kuɗin ne aka fara tsarin motocin agaji na NEMSAS a Abuja a 2022, da alkawarin jinyar awa 48 na farko kyauta. Idan motocin suka fara shiga ƙauyukanmu sosai, wannan takarda za ta biyo su har ƙofar gida, inda tsoron kuɗin asibiti zai sa tsoho ya ce "na ji sauƙi" yana dafe da ƙirji.

Ƙafar Kawu ta haɗe, amma a karkace. Yanzu da sanda yake zagaya kunyoyin doyarsa, yaransa ke tulin. Ko sau ɗaya bai zargi kowa ba, cewa yake haka Allah Ya ƙaddara.

Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Nasarawa ta buga takardar nan da Hausa, a kuma tanadi mai fassara wa wanda Eggon ko Alago kaɗai yake ji. A karanta ta da babbar murya gaban shaida daga dangi, a ƙara layi ɗaya da za a rubuta dalilin tafiya. In kuɗi ne, a rubuta kuɗi ne, a kira jami'in walwalar marasa lafiya kafin a buɗe akwatin tawada. Kai kuma da ka yi boko, in ka raka naka asibiti, kada ka yi irin tawa. Karɓi takardar ka karanta masa tun daga sama har ƙasa, direba ya jira.