Sharhi: Komawar Mourinho Benfica da gardamar wace ce babbar ƙungiya

A ranar 27 ga Agustan 2025 ƙungiyar Benfica ta ƙasar Fotugal ta fitar da Fenerbahce ta Turkiyya daga wasannin share fagen shiga gasar Zakarun Turai da ci ɗaya mai ban haushi a birnin Lisbon. Kwana biyu bayan haka shugabannin Fenerbahce suka sallami mai horar da 'yan wasansu, Jose Mourinho. Ba a cika wata guda ba, ranar 18 ga Satumba, sai ga mutumin yana zaune gaban 'yan jarida a matsayin sabon kocin Benfica, wato ƙungiyar da ta yi sanadin rasa aikinsa, bayan ita ma ta kori Bruno Lage saboda kashin da Qarabag ta Azarbaijan ta ba ta har gida da ci 3 da 2.

Sauya sheƙa ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a. Abin da ya ɗaga ƙura shi ne kalaman da suka biyo baya. Mourinho ya shaida wa manema labarai cewa zuwansa Fenerbahce kuskure ne, cewa wurin bai kai matsayinsa ba, kuma karɓar Benfica komawa ce ga matsayin da ya dace da shi, na horar da ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin duniya. Shi ne kuwa mutumin da ya tsaya gaban dubban magoya baya a Istanbul a watan Yunin 2024, ya ce musu rigar Fenerbahce ta zama fatar jikinsa, burinsu kuma ya zama nasa. Tsakanin maganar farko da ta biyu watanni 15 ne kacal.

Gari biyu ne suke ganin suna bin sa bashi, kuma ƙorafinsu ba iri ɗaya ba ne. Mutanen Istanbul suna jin an raina su. Mutanen birnin Porto kuwa suna ganin ɗansu ya tare a gidan abokan gaba, domin a Fotugal babu adawar da ta kai ta Porto da Benfica zafi, adawa ce da ta haɗa da takun-saƙar da ke tsakanin arewacin ƙasar da babban birninta. Masu bibiyar wasan a Najeriya sun ɗanɗana ta a watan Mayun 2022, lokacin da Zaidu Sanusi, ɗan asalin jihar Kebbi, ya jefa ƙwallo a ragar Benfica a mintunan ƙarshe, a filinta, ya tabbatar wa Porto kofin gasar ƙasar na wannan shekarar.

Ƙorafin Porto yana da tushe. A can ne duniya ta san Mourinho. Ya karɓi ƙungiyar a watan Janairun 2002, ya lashe gasar ƙasar sau biyu a jere, ya ɗauki kofin UEFA a 2003 bayan doke Celtic, sannan a 2004 ya ɗora da kofin Zakarun Turai da ci 3 da nema a kan Monaco. Sai dai tarihin yana da wani shafi da masu fushin ba su cika son a buɗe ba. Benfica ce ta fara ba shi aikin babban koci a shekarar 2000, kafin Porto ta waiwaye shi. Watanni kaɗan ya yi, domin shugaban da ya ɗauko shi ya faɗi zaɓe, wanda ya gaje shi, Manuel Vilarinho, yana da nasa ɗan takarar. Mourinho ya lallasa Sporting da ci 3 da nema, ya nemi a tsawaita masa kwantiragi, aka ƙi, ya ajiye aikin a watan Disamba. Shi kansa ba haifaffen Porto ba ne kuma ba na Lisbon ba. Mutumin Setubal ne, garin da mahaifinsa ya yi wa ƙungiyarsa, Vitoria, tsaron raga. Kuma a daren da Porto ta ɗaga kofin 2004 bai tsaya dogon biki ba, 'yan kwanaki bayan nan aka gan shi a Landan yana sa hannu wa Chelsea.

Ba shi ya fara tsallaka wannan iyaka ba. Bela Guttmann, ɗan ƙasar Hungary, ya ci wa Porto gasar ƙasar a 1959, ya tattara kayansa a shekarar ya koma Benfica. Shi ne ya kawo mata kofunan Turai biyu da take alfahari da su har gobe: na 1961 a kan Barcelona da na 1962 a kan Real Madrid, wasan da matashi Eusebio ya ci ƙwallo biyu. Ma'ana, mafi tsadar kayan da ke ɗakin ajiyar kofunan Benfica tsohon kocin Porto ne ya kawo su. Guttmann ya bar ƙungiyar bayan saɓani kan kuɗi, kuma magoya bayanta na yawan ba da labarin cewa ya yi mata baki a kan hanyarsa ta fita. Ko ma mene ne gaskiyar labarin, tun daga 1962 Benfica ta kai wasan ƙarshe na gasannin Turai sau takwas, ba ta dawo da kofi ko sau ɗaya ba.

Kafin a yanke wa kowane koci hukuncin cin amana, ya kamata a duba yadda ƙungiyoyin suke riƙe tasu amanar. Chelsea ta rabu da Mourinho a 2007 bayan ya ci mata gasar Firimiya sau biyu, ta dawo da shi, ta sake sallamar sa a Disambar 2015, watanni bakwai bayan ya ci mata ta uku. Manchester United ta kore shi a Disambar 2018. Tottenham ta kore shi a Afrilun 2021, saura kwana shida ta buga wasan ƙarshe na kofin ƙalubale da shi ya kai ta. Roma, wadda ya ciyo wa kofin Turai a 2022 bayan shekaru fiye da 60 tana jira, ta sallame shi a Janairun 2024. A 2015 ya taɓa cewa ba zai horar da Tottenham ba saboda ƙaunar da yake yi wa magoya bayan Chelsea. Da aka tuna masa da maganar a ranar da ya karɓi Tottenham ɗin a 2019, amsarsa gajeriya ce: ya faɗi haka ne kafin a kore shi. Amsar ta yi kama da zolaya, amma da wuya a sami bayanin da ya fi ta bayyana yadda sana'ar take. Ba a tsammanin mutumin da za a iya sallama a safiyar kowace Litinin ya ɗaure kansa da alkawarin da mai sallamar bai ɗauka ba.

Saboda haka zargin da ke fitowa daga Porto, duk da zafinsa, shi ne mai rauni. A 2025 shekaru 21 ke nan da Mourinho ya bar can, ya bar musu kofunan da har yanzu suke ƙirgawa, kuma kujerar kocinsu ba a buɗe take ba lokacin da ya rasa aiki. Wanda ke shugabantar Porto a yanzu, Andre Villas-Boas, tsohon yaronsa ne da ya yi aiki a ƙarƙashinsa a Porto da Chelsea da Inter Milan, kuma shi ma a zamaninsa na koci ya bar Porto zuwa Chelsea a 2011, makonni bayan ya ci mata kofin Europa.

Zargin Istanbul ne mai nauyi, domin a nan maganar ta tashi daga biyayya ta koma kan ma'aunin girma. Fenerbahce ta kammala kakar 2024/2025 a mataki na biyu, maki 11 a bayan Galatasaray, wadda Victor Osimhen ya jagoranci cin ƙwallayenta. Galatasaray ɗin ce kuma ta fitar da ita daga kofin Turkiyya a filinta, Osimhen ya ci biyu, a daren da Mourinho ya kama hancin takwaransa Okan Buruk bayan tashi daga wasa. Kocin da ya bar gari ba tare da kofi ko ɗaya ba, ya kuma kasa doke babbar abokiyar hamayya, idan ya juyo ya ce wurin ne bai kai matsayinsa ba, to ya ɗora wa ƙungiyar laifin da aƙalla rabinsa nasa ne. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin bai kammalu ba, ga kuma gori a kan hanyar fita.

To da me ake auna babbar ƙungiya? Idan kofin Zakarun Turai ne ma'auni, Benfica tana da biyu, Porto biyu, Chelsea biyu. Nottingham Forest ma tana da biyu, na 1979 da 1980, alhali ta shafe shekaru 23 a wajen gasar Firimiya kafin ta dawo a 2022. Zuwa ƙarshen kakar 2024/2025 Arsenal ba ta da ko ɗaya, amma babu mai shiga gidan kallon ƙwallo a Kano ko Legas ya ce Forest ta fi Arsenal girma ya fita ba tare da an yi masa ca ba. Idan kuɗi ne ma'auni, Benfica ƙungiya ce mai raino ta sayar. Ta sayar da Joao Felix ga Atletico Madrid kan Yuro miliyan 126 a 2019, Ruben Dias ga Manchester City a 2020, Darwin Nunez ga Liverpool a 2022, Enzo Fernandez ga Chelsea kan Yuro miliyan 121 a 2023. Duk ɗan wasan da ya yi fice a Lisbon, kasuwa ce ke jiran sa, kuma masu sayen su ne ke zuwa su doke ta da shi daga baya.

Abin da Benfica ke da shi wanda kuɗi ba ya saya shi ne jama'a. Ta ci gasar Fotugal sau 38, fiye da kowa, kuma tana cikin ƙungiyoyin da suka fi yawan mambobi masu rajista a duniya, dubban ɗaruruwa da ke biyan kuɗin ƙa'ida, su kuma kaɗa ƙuri'a su zaɓi shugaba ko su tsige shi. Matsalar hujjar Mourinho ita ce, wannan ma'aunin da ya ɗaga Benfica shi ne kuma yake ɗaga Fenerbahce. An kafa ta tun 1907, tana da miliyoyin magoya baya, mambobinta ne ke zaɓen shugabanta, kuma zuwa 2025 rabonta da kofin gasar Turkiyya tun 2014 amma filinta bai daina cika ba. Ƙungiyar da magoya bayanta suka yi shekara 11 suna jiran kofin gasar ƙasar ba su watse ba, da wuya a kira ta ƙarama. Gasar Turkiyya tana da nata matsalolin na alƙalanci da rigingimun shugabanni, Mourinho ya sha kokawa a kansu, kuma wasu ƙorafe-ƙorafen nasa ba su rasa gaskiya ba. Amma gasa daban, ƙungiya daban.

Kalmar “ƙaramar ƙungiya” ta taɓa komawa kan wanda ya furta ta. A 2007 Rafael Benitez, yana Liverpool, ya siffanta maƙwabciyarsu Everton da ita bayan wani canjaras. A 2021 ya karɓi aikin horar da Everton ɗin, magoya baya da dama ba su yafe ba, kuma bai kai wata bakwai ba aka sallame shi. Koci yakan auna girman ƙungiya ne daga kujerar da yake zaune a kai a ranar, kuma kujerar tana yawan canzawa.

Makonnin farko na Mourinho a Benfica sun kai shi gidajensa biyu na da. A ranar 30 ga Satumba ya je filin Stamford Bridge, Chelsea ta doke shi da ci ɗaya, amma 'yan kallo suka riƙa rera sunansa, su ne kuwa waɗanda wasunsu suka kira shi maci amana a 2017 lokacin da ya zo da Manchester United. Kwana biyar bayan haka ya shiga filin Porto, aka tashi babu ci, kuma bai sami irin tarbar Landan ba. Ƙila bambancin shi ne Benfica ba ta tsone wa Chelsea ido, alhali ga mutanen Porto ita ce kishiyar da ake kwana da ita ake tashi da ita.

Ita kanta Benfica ba ta ɗaure kanta sosai ba. Kwantiragin da aka ƙulla a 2025 na zuwa 2027 ne, amma an sanya sharaɗin da ya ba kowane ɓangare damar raba gari cikin kwana goma bayan wasan ƙarshe na kakar 2025/2026. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mambobin ƙungiyar sun yi zaɓen shugaba ranar 25 ga Oktoban 2025, kuma Rui Costa, wanda ya ɗauko Mourinho, ya fuskanci 'yan takara da dama, ciki har da tsohon shugaba Luis Filipe Vieira da Joao Noronha Lopes. Zaɓe irin wannan ne ya kawo ƙarshen zamansa na farko a Lisbon a shekarar 2000.